Buzun Malam Rabe

Shekarar da alƙali ya yanke wa Malam Rabe ɗauri saboda wa'azi ba izini, babu wanda ya rasa sukuni a Kurfi kamar Malam Ummaru. Ba tausayi ba ne. Tare suka yi karatu, amma zauren Rabe kullum cike yake da magidanta masu son jin tambayoyinsa, na Ummaru kuwa sai kaji ke leƙawa. Hassada ta daɗe tana cin sa.

Lokacin da gero ya nuna, sai alƙali ya bar Rabe ya je ya yi girbi a kan alkawarin baki kawai, ranar kasuwar Dutsin-Ma ya kai kansa wurin 'yan doka. Ummaru ya auna ya ga in Rabe ya cika alkawarin nan, har jikoki sai sun ji labari. In kuwa ya gudu, sunansa ya ɓaci, ɗalibai kuma dole su nemi wani zaure.

Ummaru ya iske Rabe a gona yana ɗaure dami. Ya ce ya shirya da Hamma, wani makiyayin Birchi da zai kai shanu wajen danginsa a Maraɗi. A kifa wa Rabe malafa, a ba shi sanda, kafin a farga ya tsallake iyaka. Hukuncin ai zalunci ne, wa zai ga laifinsa?

"Zalunci ne, Malam, na sani," in ji Rabe. "Amma kotun nan ita ta raba mani gadon gonar ga. Ran nan ban ce ba ta iya shari'a ba. In na gudu yau, mi zan ce ma waɗanda na koya ma cika alkawari?"

Ya yi masa godiya har da riƙe hannu, ya kuma roƙe shi ya kula masa da ɗalibai. Ranar kasuwa ya tafi da ƙafarsa, rabin gari na biye.

Haka Ummaru ya sami abin da ya daɗe yana so, zaurensa ya cika har waje. Sai dai ɗaliban sun zo da buzun Rabe, suka shimfiɗa shi a tsakiya, shi kuma suka nuna masa tabarma a gefe. Ya gyara murya ya yi bayani mai tsawo. Da ya gama, wani dattijo ya dubi buzun.

"Allah shi gafarta Malam, shi Malam Rabe mi zai ce a nan?"