'Ya'yan Kifin da Suka Ƙi Motsi

Da safe ta shiga ɗakin bincike, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ɗauki tocila ta nufi tankin da ƙwan suke. Ƙwan wani kifin teku ne mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya. Kowane ƙwai 'yar jaka ce mai tauri da ƙaho huɗu, in ka haska ta sai ka hango ɗan kifin a ciki yana kaɗa wutsiya. Da kaɗawar nan yake jawo sabon ruwa ya yi numfashi. Uwarsu ta mutu tun watannin baya, su kaɗai suka rage wa mai binciken, kuma a kansu duk aikinta ya rataya.

Ta haska na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, babu mai motsi, ɗaya ma har ya yi fari fat, alamar ya mutu.

Gabanta ya faɗi. Ta auna gishirin ruwan, daidai. Ta auna sanyinsa, daidai. Injin iska na ta kumfa abinsa. Sai da ta zauna a bakin tebur ta dafe kai, sannan abin ya faɗo mata. Ta kira yayanta, mai gyaran wutar lantarki.

"Yaya, ka bar duk abin da kake yi ka zo. Wuta na shiga min ruwa."

"Ta ja ki ne, Auta?"

"Ba ni ba. Kifayen."

Ya iso da jakar kayan aiki, gumi na tsiyaya. Ya tsoma bakin mitarsa ta gwajin wuta a ruwa, allurar ko gezau.

"Babu komai a nan. Ko dai kifayen naki yajin aiki suke?"

Da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ya haɗiye dariyar.

"Mitarka ba za ta ji ba," in ji ta. "Akwai wasu ƙananan ramuka a fatar fuskarsu, cike da wani abu mai yauƙi. Da su suke jin lantarkin da ke fita daga jikin duk mai rai, komai ƙanƙantarsa. Babbansu da haka yake tono abinci a ƙarƙashin yashi. Na cikin ƙwai kuwa, in ya ji babban kifi na kusa, sai ya ƙame ya ɗauke numfashi har ya wuce. Yaya, wani abu a ginin nan yana gaya musu maƙiyi na tsaye a kansu, kuma ya ƙi tafiya."

Ya nannaɗe hannun riga. Suka fara zare wayoyi daga soket: fitila, firji, fanka, injin sanyaya ruwa. Kowanne suka zare sai ta koma ta haska, ta jira, ta girgiza kai. Ta ce a kashe wutar ginin baki ɗaya, ya tuna mata da tankunan sauran ma'aikata, waɗanda kifayensu da injin iska suke rayuwa. Kafin rana ta take, wasu ƙwan ma sun yi fari fat.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Can ta jawo bokitan roba daga bayan ƙofa.

"Fita zan yi da su."

"Cikin wannan ranar? Ruwan zai ɗumame, Auta."

"A nan ma mutuwa suke yi. Kama min."

Ta riƙa tsamo su da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Suka ratsa baranda, suka sauka matakala, ruwa na fantsalar musu a ƙafa, har ƙarshen fili inda wata bishiya take, nesa da kowace waya. Yayan ya ruga shagon tsallaken titi ya dawo da ƙanƙara a leda, suka jera ta a jikin bokitan. Ya tuɓe rigarsa ya rufa mata a ka don ta samu duhun haskawa.

Ta durƙusa a cikin rigar mai warin gumi da man inji, tocila a hannunta, bakinta na addu'a. Ta daɗe a haka kafin ta ga bakin wata wutsiya ya ɗan karkata. Ya tsaya. Ya sake karkatawa, sannan ya kama kaɗawa a hankali.

"Yaya," ta ce, "ɗaya ya motsa."

Ya juya ya koma cikin ginin. Ya bar wayoyi, ya bi bututun da ke kawo ruwa, yana shafa bango, har ɗakin da ke maƙwabtaka da nata. A can aka kafa sabon injin da ke kaɗa ruwa kamar igiyar teku, yana kunnawa yana mutuwa a hankali, tamkar mai numfashi. Wayarsa ta ɗan saɓule a inda ta gogi ƙarfen bututun, wuta na bin ruwan har tankinta. Ya zare ta, ya naɗe wurin da salatif, ya fito yana goge hannu.

Sai da la'asar ta yarda ta mayar da su, bayan ta gwada da guda ɗaya ta ga bai ƙame ba. Fiye da rabi sun tafi. Ta jera matattun a faranti, ta tsaya a kansu ta kasa zubarwa.

"Bar su nan, ni zan fita da su," in ji yayan. Ya ɗauki farantin, ya tsaya a bakin ƙofa. "Tun safe ko ruwa ba ki kurɓa ba. In kin gama ki same ni a waje."

Ta gyaɗa kai, ta jawo kujera kusa da tankin, ta sake kunna tocilar.