Ƙanƙara Ta Uku

Wandon Abu Nazih na fara gani da na buɗe taga. Matarsa ta manta shi a igiyar shanya, ya kwana biyu a waje, ya sandare, ƙafafunsa a buɗe kamar mai shirin tsallake kwata. A ƙasa maza huɗu na layinmu suna haƙa hanya zuwa ƙofar gidan, dusar ƙanƙara ta kai musu ƙugu.

Ba wanda ya shirya mata. Oktoba bai ƙare ba, rabin tuffar yankinmu na Dinniya na kan bishiya, gidaje da yawa ba su ko haɗa bututun murhu ba. Ta sauko ranar Talata da la'asar, ba ta ƙyale mu ba sai safiyar Alhamis. Wuta ta ɗauke, hanyar Tarabulus ta toshe, rassa suka yi ta karyewa a gonaki da nauyin 'ya'ya da na ƙanƙara.

Gidan Abu Nazih ne kaɗai murhunsa ke ci, domin tun da likita ya sallamo shi ya ce a bar shi ya huta a gida, sanyi yake ji ko da tsakar rana. Saboda haka da hanyar gidan ta buɗu, duk layin ya kwarara can. Mahaifiyata ta ɗauki tukunyar miya, ni na ɗauki gurasa. Wasu suka shigo da tuffar da suka tsinto daga karyayyun rassa, aka jera ta a kan murhu, ɗakin ya cika da ƙamshi da surutu da warin jiƙaƙƙen ulu. Kowa yana lissafa bishiyoyin da ya rasa yana dariya, tunda ba wanda ya tsira balle ya yi wa wani jaje.

Tsohon yana kishingiɗe kusa da taga, bargo uku a kansa, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Ya daɗe yana kallon farin da ke kan katanga, sannan ya ce wa matarsa ta kawo masa baksama, dusar ƙanƙara da ake sha da zaƙi. Kwano ɗaya kawai, in ji shi, ta ɗebo daga sama inda ba wanda ya taka, kuma kada ta yi rowar zumar inabi.

Ummu Nazih ba ta ɗago daga tukunyar gahawa ba.

"Ta farko jini, ta biyu guba, ta uku ci ka more. Wannan ta farko ce."

"Hajiya, ko da gubar ce, me ya rage da za ta kashe?"

Aka yi dariya, ban da ita. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa barin kowa a gidanta ya sa ƙanƙara a baki kafin ta uku ba. A wurinta ta farko dattin sama take wankowa, ta biyu ta ɗauraye. Amma ta uku a garinmu sai Janairu take zuwa, kuma duk wanda ke ɗakin ya san Abu Nazih ba zai ga Janairu ba.

Sai layin ya tashi tsaye. Riyad mai tasi ya rantse cewa ƙanƙarar ta tsaya cak ranar Laraba da sassafe, lokacin da ya fita rufe motarsa, don haka biyu aka yi. Ummu Nazih ta ce Riyad yana rantsuwa ma cewa motarsa tana da birki. Mahaifiyata ta ce ita da idonta ta ga rana ta leƙo da azahar. Wani ya ce in aka haɗa da ta Riyad uku ke nan. Ummu Nazih ta ce su yi ta haɗawa har goma, ita dai ba ta ga an daina ba.

Ina bayan ƙofa ina feraye tuffa, inda na saba zama a kowane taro. Abu Nazih ya nuno ni da haɓa.

"Ga alƙali nan ta ɓuya. Shekara huɗu tana karanta ƙasa da duwatsu a jami'a. Ustaza Sundus, sau nawa aka yi?"

Ido ya yi min yawa. Na ce, murya can ƙasa, ƙanƙara tana ajiye tarihinta, in an yanka ta za a gani. Na roƙi a ba ni tiren tanda.

Rabin ɗakin ya biyo ni waje. Na kafa tiren a kan tulin da ke bisa katanga, na danna har ƙasa, na ture ɓangare guda. Ga shi nan kamar an yanka alkaki. A ƙasa jiƙaƙƙiya mai ruwan toka, sai wani siririn layin ƙanƙara mai ƙyalli inda ranar da mahaifiyata ta gani ta narkar da sama kafin sanyi ya sake kamawa. Daga nan har sama fari ɗaya, sumul. Biyu ne. Na sake dubawa, biyu ne.

Na juya musu baya kamar ina gyara yankan, na ɗora bakin tiren a tsakiyar farin, na ja layi. Da na waiga, Ummu Nazih na tsaye a kafaɗata cikin silifan mijinta. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Ta sunkuya, ta ƙirga da yatsa. Ɗaya. Biyu. Yatsan ya tsaya a kan layina, ya daɗe a wurin.

"Ashe ana koyar da wani abu a jami'ar nan," ta ce. "Riyad, matsa, ka tsaya min a kan hanya. Wani ya miƙo kwano."

Cokali huɗu Abu Nazih ya sha. Ya runtse ido a na farko, ya ce zumar ta yi kaɗan, kamar kullum. Ta ƙara masa har ta yi baƙi. Daga nan kwanoni suka fito daga kowane gida, manya da yara leɓɓa duk sun yi ja, haƙora na kaɗawa. Ya ba mu labarin shekararsu ta fari, da ya saci ta farko a bayan gida ta yi mako guda ba ta yi masa magana ba. Ya ce bai sake samun hutu irin na makon nan ba. Ta jefe shi da ɓawon tuffa, ya kama dariya har sai da aka tallafe shi ya yi tari.

Ranar Asabar da hantsi ya cika, daidai lokacin da muka jiyo katafila tana ture ƙanƙara a ƙasan gari. Riyad ya ce mutumin ya jira a buɗe hanya ne don kada baƙinsa su sha wahala. Mutanen ƙauyuka huɗu suka zo, aka kai shi, aka dawo da taɓo har gwiwa.

Kwana ukun zaman makoki na yi su a kicin ina wanke kofuna. Na kasa haɗa ido da Ummu Nazih. Ni na san ta biyu ya sha, kuma kwana biyu tsakani ya tafi. Karatuna ya gaya min babu ruwan wannan da wancan, amma karatu ba ya hana mutum juyi a kan katifa.

Rana ta huɗu ina saman rufinmu ina share ruwan da ke narkewa, na ji taku a matakala, a hankali, ana hutawa. Ita ce, cikin baƙaƙen kaya, tana haki. Na jingine tsintsiyar na tsaya jiran abin da zai fito daga bakinta.

Ta kama hannuwana biyu, ta juya su, ta ga yadda sanyi ya fasa su. Ta murza su a cikin nata har suka ɗumama. Sannan ta ciro safar hannu ta ulu daga aljihunta, ta maza, an yi mata faci a babban yatsa, ta zura min ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe bakin saboda sun yi min yawa. Ta dafa bango, ta fara sauka.