Maƙerar Gidan Agogo

A titin Shwebontha, inda masu zinariyar birnin Yangon suke jere kafaɗa da kafaɗa, ba wanda bai san Gidan Agogo ba. Wani attajiri Ba'indiye ne ya gina shi zamanin Turawa, da yaƙi ya zo ya gudu ya bar shi. Jiragen Japan suka yi wa unguwar ruwan wuta, gidajen maƙwabta suka zube, shi kuwa rufinsa kawai ya ɓurme. Bayan yaƙi mahaifin Daw Ohn Kyi ya saye shi, ya gyara, ya zuba shaguna. A nan aka haife ta, a nan ta yi furfura tana sayar da sarƙa da awarwaro.

A ɗakin ƙira na ƙasa akwai wani baƙin ƙarfe da ya leƙo daga cikin daɓe kamar bayan ƙwarya. An ce ragowar tankin ruwan Ba'indiyen ne. U Pho Htaung, tsohon maƙerin gidan, tun yana saurayi a kansa yake lanƙwasa awarwaro, har wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli.

Wata damina ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙasa. Daw Ohn Kyi ta kira 'yar ƙanwarta Zar Chi, injiniyar gini, ita kuma ta kawo leburori suka fara fasa daɓen. Tsohon yana gefe yana ta ƙwanƙwasa, yana mita.

"Ku yi a hankali da maƙerata! Ta girmi uwarku."

"Kawu, ai kai ma ka girme ta," in ji Zar Chi tana dariya.

Ta durƙusa ta share laka da hannu. Dariyar ta ɗauke. Ƙarfen ya yi tsawo cikin ƙasa, ya kwanta a karkace, can ƙarshensa ga wasu fikafikai sun yi tsatsa.

"Kawu, ajiye gudumar nan."

"Bari in ƙarasa wannan..."

"Ajiye ta! A hankali. Inna, fitar da kowa. Bam ne."

Daw Ohn Kyi ta ji kalmar, amma ta tsaya tana kallon ƙarfen. A kan ƙarfen nan take zama tana yarinya, tana cin taliyar miyar kifi da safe. A kansa ta zaunar da 'ya'yanta. Ga murhun narka zinariya nan kusa da shi, yana ci kullum.

"Haba 'yar nan," ta ce. "Da bam ne ai da tuni..."

"Inna, don girman iyayenki ki fita!"

Kafin rana ta take an rufe titin. 'Yan kasuwa suka fito rungume da farantan zinariya, wani ba takalmi, wani zanensa na kwancewa. Sojoji suka shiga. Da babbansu ya fito yana share gumi, ya tambayi wanda yake dukan abin. Aka nuna masa tsohon.

"Baba, da ransa yake fa. Da ka matsa da gudumarka tsawon tafin hannu, da ba Gidan Agogo, ba titin."

U Pho Htaung ya zauna a bakin kwata. Mai shayi ya miƙa masa kofi, ya karɓa, shayin ya zube masa a cinya bai ko motsa ba.

"Har goge shi nake yi da mai," ya ce wa Daw Ohn Kyi. "Duk ranar hutu."

Ta zauna kusa da shi a ƙasa, da tsadadden zanenta.

Washegari aka fitar da bam ɗin bayan gari. Daga shagonta ba a ji ƙararsa ba, amma manoman wajen sun ce ya haƙa ramin da zai haɗiye mota.

Tsohon bai ƙara taɓa guduma ba. Ya aske kansa ya shiga gidan sufaye a ƙauyensu. Daw Ohn Kyi ta mayar da ɗakin ƙira sama, ta sa aka haƙe ƙasan gidan kaf, har ƙarƙashin matattakala. Ta tsaya a kan leburorin da kanta, tana riƙe da lema, sai da suka kai ga jar ƙasa.