Ƙofofi Bakwai a Makiyayar Noeline

Hanyar tsakuwar da muke hawan keke a tuddan Tasmaniya ta ratsa makiyayar Noeline Harkin ne, mota ba ta bin ta. Shekara uku muna lallashin tsohuwar kafin ta yarda, bisa sharaɗi ɗaya: kowace ƙofar shinge mu bar ta yadda muka same ta.

Shugaban ƙungiyarmu, Desmond Quilty, mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya wuce abu bai gyara shi ba. Ranar buɗe hanyar ya yi mana huɗuba kan ladabi, sannan ya biyo bayanmu yana rufe duk ƙofar da ya gani a buɗe, har bakwai. Na yi masa magana a hankali, ya ce manoma sakaci gare su.

Da la'asar Noeline ta tare mu. Tumakinta ɗari huɗu sun wuni bayan shinge suna hangen ruwa.

"Wane mai hankalin ne ya rufe min ƙofofi?"

Desmond ya ɗaga hannu yana murmushi. "Ba sai kin gode ba."

"Godiya? Des, ragona ma ya fi ka jin magana. Gobe zan sa kwaɗo!"

Mu sauran 'yan keke muka yi ta ba ta haƙuri. Daga ƙarshe ta bar mana hanyar, amma banda Desmond, sai dai ya zaga ta babban titi cikin motocin katako. Har yanzu shi ne shugabanmu, kuma shi ya rubuta takardar tallar ƙungiya da ke yabon shirun hanyar da aka hana shi bi.