Ƙullin da Inna Ta Aiko

A bayan kwalaye na tsinci Badaru, a wani lungun kasuwar Al Sabkha a nan ƙasar Larabawa, ƙwaya ta cinye shi har ɗaure kayan 'yan kasuwa ya gagare shi. Na kai shi gidan da muka kama a unguwar Al Nahda don 'yan uwanmu marasa wurin kwana. Sharaɗinmu ba ya canzawa: za ka riƙa ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ranar da ka haɗiyi ƙwaya, ka bar mana gadonmu. Ya yi amai, ya zage ni tas, amma ya daure. Har kumatu ya fara ajiyewa.

Kwatsam sai ga wata 'yar kasuwarmu, Hajiya Ummulkhair, daga Kano da saƙon mahaifiyarsa, ƙulli a baƙar leda an naɗe shi tam. Mu kuwa ba ma buɗe saƙon wani, amana ce. Haka ta ratso filin jirgi da shi ko leƙawa ba ta yi ba.

"Alhaji Ɗalhatu, kilishi ne da yaji," in ji ta, "sai maganin ciwon bayan da ya daɗe yana roƙon Innarsa."

Ni kuwa na san bayan Badaru garau yake. Raina ya ɓaci, kamar in wurga ledar a shara, amma ba tawa ba ce. Na kira shi falo na danƙa masa.

"Ga saƙonka. Ban buɗe ba."

Ya yage ledar a gabanmu. Tsakanin kilishin ga katin ƙwayar nan da ta kai shi kwana a titi. Hajiya ta dafe ƙirji tana salati, don sai yanzu ta gane abin da ta ɗauko, da inda za ta kwana da an kama ta.

Gumi na keto wa Badaru duk da sanyin falon.

"Tun ina titi na roƙi Inna," ya ce. "Khalas, ya isa haka, Alhaji. Riƙe min, mu kai wa likita."

Na karɓa. Ya ari wayata ya kira Kano, ya tsuguna kamar tana gabansa.

"Inna, saƙo ya iso, na gode. Ki samu wuri ki zauna. Bayana bai taɓa ciwo ba."