Shirwar Ɗanmaliki

"Malam, ka wuce da ƙulli ɗaya. Dawo da turmin baya."

Na dawo da turmin baya. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta tarihin dauloli, ga ni da hantsin Laraba ina jan turmi a ƙofar gidan maƙwabcina, da igiya mai ƙulle-ƙulle a hannu. Ɗanmaliki mai hoto yana jingine da gindin darbejiya, ya ɗaure ɗaya bakin igiyar a ƙafar kyamararsa. Ciwon suga ya cinye naman jikinsa, ya cinye idanunsa, sai ɗan abin da yake rarrabe haske da inuwa. Asibiti sun sallamo shi da irin ladabin da ake yi wa wanda ba a sa ran sake gani.

"Ƙulli goma sha biyar, ƙafa goma sha biyar ke nan," in ji shi. "Kifa shi a nan."

Ya laluba abin murɗa saitin kyamarar, tsohuwa ce mai ido biyu wadda ake leƙawa ta sama, ya juya har babban yatsansa ya faɗa wani tsagi da ya yi da wuƙa tun yana gani.

Dalilin wannan hidima shi ne saƙon da ya iso ranar Talata, cewa Alhaji Halliru na Rogo Sabon Gari zai zo dubiya, kuma zai nemi gafara. A alif ɗari tara da tamanin da uku Ɗanmaliki ya ɗauki hoton shirwa a daidai lokacin da ta suri nama a kasuwar Karaye, ana iya ƙirga gashin fiffikenta. Ya ba Halliru, abokin sana'arsa, ya kai Kano a faɗaɗa. Da shekara ta zagayo sai ga shirwar a kalandar wani kamfanin taki, da sunan Halliru a ƙasa. Daga nan aikin gwamnati ya buɗe masa, ya yi shago mai gilashi, ya je Makka. Ɗanmaliki ya ci gaba da ɗaukar hoton fasfo, da faɗa wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa shirwar tasa ce. Shekara goma sha ɗaya mutanen Karaye suna cewa "Allah sarki," suna kallon gefe.

Motar Halliru ta tsaya wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin nan Ɗanmaliki ya sa an kira dattawan unguwa, ya sa Nasidi mahauci ya zo da kwanon hanji. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi damina a Rogo da Beli. Halliru ya durƙusa, ya tattara babbar rigarsa.

"Yaya Ɗanmaliki, zaman tare ba ya rasa saɓani. Idan akwai abin da na yi maka, da sani ko ba da sani ba, ka yafe mini."

"Na yafe maka, Alhaji, duniya da lahira."

Dattawa suka yi hamdala. Ni ma na fara sakin igiyar.

"Sai dai ina da roƙo. Idona ya tafi ban ga yadda ka ɗauki shirwar nan ba. Ka nuna wa mutanen nan, su ba ni labari."

Halliru ya yi 'yar dariya. "To bari in ɗauko tawa kyamarar a mota."

"Taka ta Makka mai saita kanta? Ba a ƙera ta ba lokacin kalanda. Ga irin ta wancan zamani. Fim ne mai hoto goma sha biyu, sha ɗaya naka, ka rage mini ɗaya."

Ba a ƙin roƙon mai jinya a gaban dattawa, musamman wanda ya gama yafe maka yanzun nan. Halliru ya cire kyamarar daga ƙafarta. Nasidi ya ɗora hanji a kan turmi. Abu na farko da Alhaji ya yi shi ne leƙawa ya murɗa saitin. Na ga kusurwar bakin Ɗanmaliki ta motsa da ya ji ƙarar.

Shirwa uku ne suke shawagi. Ta farko ta sauko, Halliru ya bi ta da kyamara yana murɗawa, ta yi dama ya yi hagu. Ta biyu ta tafi da hanji kafin ya same ta. Hularsa ta faɗi, ya taka bakin rigarsa. Nasidi yana ƙara hanji yana cewa, "Ranka ya daɗe, ko in riƙe maka ita?" Ɗanmaliki kuwa yana ƙirga kowace dannawa a fili, kamar mai jan carbi.

"Sha ɗaya. Madalla. Malam, mayar mini da ita kan ƙafarta, ka ja igiyar ta miƙe."

Yatsansa ya koma cikin tsagin. Bai leƙa ba, bai ɗaga kai sama ba, ƙasa yake fuskanta.

"Ba a bin tsuntsu, Alhaji. Kafin ka murɗa ya wuce. Wurin da dole ya bi za ka auna, ka zauna ka jira shi. Kuma kafin ya iso ake dannawa. Na miƙa maka ita a saite, da ka bar ta yadda take da ka samu."

Kaji suka yi kuka, inuwa ta gifta a kan yashi wajen taku biyu kafin turmin. Ya danna sau ɗaya, ya ce a mayar da shi ɗaki, rana ta yi zafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya rasu. Maganarsa ta ƙarshe da ni ba ta shafi lahira ba. Cewa ya yi kada in kwance ƙulle-ƙullen igiyar, akwai abin da za a shanya a kanta.

Matarsa Saude, wadda ta shekara ashirin tana wanke masa fim a ɗan ɗakin da ke bayan madafa, ita ta wanke wannan. Ranar sadakar uku ta aiko mini da hotuna goma sha biyu a faranti, da saƙon cewa ba su gama bushewa ba. Na taɓa su, a bushe suke ƙarau. Na ɗaura igiyar daga darbejiya zuwa ƙofar zaure, saman tabarmin masu gaisuwa, na maƙala kowanne a ƙulli ɗaya, yadda mamacin ya yi wasiyya.

Na farko sararin sama ne. Na huɗu reshen darbejiya ne dishi-dishi. Na bakwai kunnen Nasidi. Akwai wanda na fito a ciki, ko dai wani abu mai kama da tumbina. A na goma sha biyu shirwa ce, ƙafafunta a miƙe, faratanta saura kaɗan su taɓa hanjin, kowane gashi a ware.

Halliru ya iso da hantsi, aka matsa masa wuri. Wurin da ya rage kuwa ƙarƙashin igiyar ne. Aka yi addu'a, aka shafa. Masu shigowa dai sukan ɗaga kai, su bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sannan su sauke ido su ce, "Alhaji, ya haƙuri?"

Turmin yana nan a kife inda muka bar shi. Iskar hadari ta taso daga gabas, hotunan suna ta kaɗawa a saman hular Halliru.