Hadarin Ƙarfe Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Mushe Bulus, malamin makaranta, ya yi a lakwal yana koya wa yara yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya. Da lemo da fitila yake nuna musu, ya zana a allo har alli ya busar masa da yatsu, amma shi kansa bai taɓa ganin husufin rana ba. Sau ɗaya da aka yi yana kwance a asibiti, sau ɗaya kuma ruwa ya wuni yana zuba. Yanzu ya yi ritaya a unguwar Boukoki ta Yamai, idon hagu ya mutu, na dama kuma likita ya ce da wuya ya kai shekara biyu. Da rediyo ta ce ran Alhamis za a ga husufi a Yamai, sai tsoho ya rikice kamar ango.

Ya je wajen mai walda ya aro baƙin gilashi, ya naɗe shi a tsumma. Abu ɗaya ya rage, lokaci. Ba ya iya karanta waya, don haka ya tambayi 'yarsa Lois, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ce idonsa a gidan tun rasuwar uwarta.

"Ƙarhe huɗu na yamma, Baba," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ran Alhamis gari ya waye tas, babu ko ɗigon gajimare. Lois ba ta je aiki ba. Wajen ƙarfe goma ta ɗiga masa magani, ta rufe taga, ta kashe rediyo, ta ce ya kwanta idon ya huta kafin yamma. Ya bi umarni kamar ɗan aji ɗaya.

Yana kwance sai ya ji lasifikar masallacin unguwa tana kiran mutane, alhali azahar da sauran nisa.

"Lois, mi ya hwaru?"

"Roƙon ruwa za su yi, Baba. Ka san ruwa ya tsaya."

Can kuma ya ga hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa yana disashewa. Ya ce a ransa shi ke nan, idon ya fara tafiya, ko yammar ba zai kai ba. Ya so ya kira Lois, sai ya tausaya mata, ya haɗiye tsoronsa yana addu'a shiru har hasken ya dawo.

Ƙarfe uku da rabi ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya fito da kujera ƙofar gida, gilashi a cinya. Sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, kafin huɗu ya rufe sama ruf. Iska ta kwashe ledojin titi ta watsa wa mutane. Mushe Bulus ya ɗaga gilashin, ya sauke, ya sake ɗagawa, bai ga komai ba. Takaici ya cika shi, amma wa zai kama? Da hadari ba a yin shari'a.

Maƙwabcinsa Alhaji Mu'azu, mutumin Tahoua, ya zo wucewa yana tattare babbar riga. Shekara ashirin suna tsokanar juna.

"Alhaji, kun kyauta!" in ji Bulus. "Ba ku tashi roƙon ruwa ba sai ranar husuhina. Ga shi an amsa muku, ni kun rufe mini rana."

Alhaji ya tsaya. "Wane roƙon ruwa, Mushe? Sallar husuhi munka yi da hantsi. Rana ta koma kamar lauje, kaji har sun nufi akurki. Na ce yau Mushe ya samu abin da yake so. Ba ka gani ba?"

Bulus ya naɗe gilashin a tsumma. Ya tashi ya shiga gida, ya bar kujerar a waje, ruwa ya fara sauka a kanta.

Lois tana kwashe shanya. Da ta ga fuskarsa sai hannunta ya tsaya a kan igiya.

"Ƙarhe nawa kika ce mini?"

"Baba, ido guda ya rage maka. Na ga waɗanda rana ta ƙona wa ido a asibiti. Wanga gilashi na walda ban yarda da shi ba."

"To ki ce mini ba ki yarda ba, mu yi hwaɗa! Idon da zai mutu ko na duba ko ban duba ba, ajiyar mi kike yi da shi? Ɗazu da haske ya ragu na zaci makanta ce ta zo. Na yi shiru don kada hankalinki ya tashi, ke kuwa kina tsakar gida kin san ko mine ne."

Ta fara kuka. Bai lallashe ta ba. Ba husufin kaɗai ke cin ransa ba: nan gaba kaɗan duk abin da ke duniya daga bakin yarinyar nan zai riƙa jin sa.

"Ke kin gani?" ya tambaya.

Ta ce, "Na gani, a cikin ruwan roba."

"Yaya yake?"

Ta share hawaye, ta buɗe baki za ta fara, sai ya ɗaga hannu.

"Bari," ya ce. "Ko kin hwaɗa, ban san ko haka ne ba."